Yadda Aka Yi wa Tafkin Garau Aski

Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga ruwa ko jiƙewa ba ta yi ba.

Yara: Ta zo mu ji ta, Kawu Cindo.

Tasalla: Kawu, rana fa ba ta faɗi ba. Kaka ta ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi.

Ke Tasalla, 'yar ƙanwata, bakinki ya riga haƙoranki fitowa. Mai ƙarya ne ke ɓata. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. Ku matso inuwa, ku riƙe mini bakin tarun nan, ina ɗinki ina magana. Ku rage murya kaɗan. Matata Hansai tana can tana bandar kifi, hayaƙi ya cika mata ido, kada mu dame ta da abin da bai shafe ta ba.

Ku dubi tafkin nan namu, Tafkin Garau. Ka jefa allura, ka ga inda ta kwanta. To wa ya mai da shi haka? Ni. Ni kaɗai, a wuni ɗaya, da hannu ɗaya. Ɗaya hannun rake nake sha da shi. Ku tambayi kowa a garin nan. A'a, kada ku tambayi kowa, mutane hassada gare su.

A wancan zamani zurfin tafkin nan ya kai raƙumi uku, wani a kan wani.

Tasalla: Kawu, jiya na ratsa shi, iyakarsa ƙirjina.

Raƙuman da gajeru ne. To, na ji, ba shi da zurfi. Faranti ne, ba rijiya ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Tafki yana da gashi kashi uku, kamar kowane dattijo. Yana da saje: ciyawar burgu ce da ta kewaye bakinsa. Ba burgu mai satar gyaɗa ba, ciyawa nake nufi, doguwar nan da shanu ke so. Yana da suma: bado ne, ganyensa shimfiɗe a kan ruwa, furensa fari tas. Yana da gemu: ciyawar nan mai laushi da ke tsirowa a ƙasan ruwa, wadda ke yi muku cakulkuli a ƙafa in kun shiga wanka.

A can wani lungu kuma akwai wata 'yar mitsitsiya, koriya shar, ba ta kai ƙwayar garin kuka ba. Sunanta Gansakuka. Ramammiya ce, kullum cikin yunwa. Abu biyu take so a duniya, rana da taki. In ruwan sama ya kwaso kashin shanu da takin gona ya nufo tafki, saje ya tace shi kamar rariya. In rana ta leƙo, suma ta tare. Ɗan abin da ya tsallake ya shiga ruwa, gemu ya lashe. Kuma cikin gemun nan akwai wasu ƙananan ƙwari, ba su kai ƙuma ba, abincinsu Gansakuka. Ta haifi goma, su cinye tara.

Sai ta zauna a lungunta tana waƙa da 'yar siririyar murya. In na kai ƙarshe ku amsa.

Ni Gansakuka, 'yar kore shar,
A ba ni rana, a ba ni taki,
In kwana ɗaya, in tashi dubu.

Yara: In tashi dubu.

Kifaye su yi ta dariya. Su ce, “Ke da ko atishawa ba ki isa ki sa mutum ba?”

Sarkin kifayen wani tsohon namijin tarwaɗa ne, ana ce masa Sarki Mai Gashin Baki. Ba mugu ba ne. Gashin bakinsa kawai yake so fiye da talakawansa. A fadarsa akwai al'ada ɗaya: ba a zartar da magana sai an tambayi mai goyo, don gobe a wurinta take.

Mai goyo a shekarar nan Karfasa ce. Kun san karfasa ba ta da zani, ba ta da bayan goyo. A baki take goyo. Ta kwashe ƙwanta ta zuba a baki, ta rufe. Ba ci, ba magana, har su ƙyanƙyashe su yi wayo. Sannan ta kai su cikin gemun tafki ta sake su, inda ba idon da zai gan su. 'Ya'ya ɗari uku da ɗaya ne a bakinta. Ni na ƙirga, za ku ji yadda aka yi.

To sai ga Zalɓe. Tsuntsun nan dogo, mai siririn wuya, mai riga ruwan toka. Yunwa ta kusa mai da shi tsinke. Ya kai sara, kifi ya shige saje. Ya kai sara, kifi ya shige ƙarƙashin suma. Ya kai sara, ya ɗago da gemu cike da baki.

Ya waiwaya, sai ya ga wani masunci a bakin ruwa yana tsinar ciyawa daga tarunsa yana tsaki. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da iyali. Kyakkyawa ne dai, ba laifi, ga tsayi, ga murya.

Zalɓe ya ce, “Sannu da aiki, Sarkin Ruwa.”

Masunci ya ce, “Ba ni ne Sarkin Ruwa ba.”

“Saura ƙiris. Me ka kama yau?”

“Ciyawa.”

“Jiya fa?”

“Ciyawa.”

“To kai masunci ne ko akuya?”

Masunci ya ɗauki hoge zai jefe shi. Zalɓe ya ce, “Tsaya, maigida. Ciwonmu ɗaya. Kai kana da lauje, ni ina da baki. Ni in samo izini, kai ka yi aski. In tafkin nan ya zama ƙwal-kwabo kamar kan jariri ranar suna, kai ka ja taru, ni in tsinci abin da ya tsallake.”

Masunci ya ce, “Kawo hannu.” Ya miƙa nasa.

Zalɓe ya duba ya ce, “Tubarkalla, yatsa shida. Ai wannan hannu don lauje aka yi shi.”

Tasalla, me kike kallo? Riƙe taru da kyau.

Zalɓe ya taka har gaban fada, ya lanƙwasa wuya ya yi gaisuwa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, ni wanzami ne, gadon gidanmu. Ga askata nan a fuskata. Ina wucewa na tambayi tsuntsaye, wane ne sarkin tafkin nan? Suka ce ba su sani ba. Suka ce duk gashi ne, ba a bambance na sarki da na tafki.”

Sarki ya shafa gashin bakinsa. Ya ce, “Haka suka ce?”

“Har dariya suka yi, ranka ya daɗe. Ni ban yi ba.”

“To mene ne magani?”

“A rage wa tafki saje. Saje kawai. Ni sadaka zan yi, ina da mai riƙe mini lauje.”

Sarki ya ce, “A tambayi mai goyo.”

Aka kirawo Karfasa. Ita kuwa goyo bakwai ta yi a tafkin nan, ta san aikin kowane gashi. Ta so ta yi magana, baki cike. Ta tattara ƙarfinta ta ce, “Um-um.”

Sarki ya ce, “Me ta ce?”

Zalɓe ya ce, “Ranka ya daɗe, na iya yaren masu goyo. Um ɗaya, na yarda ke nan. Ita kuwa um biyu ta yi. Ta yarda, ta ƙara yarda.”

Fada ta ce, “Madalla da mai goyo.”

Masunci ya shiga da lauje. Fyat, fyat, fyat, kwana uku yana yanka. Aiki ne ba na wasa ba. Har yau in hadari ya haɗu, kafaɗar nan tawa... tasa, kafaɗarsa, sai ta riƙa yi masa ciwo. Shi ya gaya mini. Da ya gama, ragwanci ya hana shi kwashe ciyawar. Ya bar ta nan cikin ruwa tana ruɓewa.

Ran nan aka tafka ruwa. Ya wanko kashin shanu daga mashaya, ya wanko taki daga gonaki. Ya iso bakin tafki ya yi sallama, ba saje balle a amsa. Ya shige kai tsaye.

Gansakuka ta lasa. Ta ce, “Yau Salla ce?” Ta ci, ta ci, ta ci. Muryarta ta ɗan buɗe.

Ni Gansakuka, 'yar kore shar,
Na sami taki, a ba ni rana,
In kwana ɗaya, in tashi dubu.

Yara: In tashi dubu.

Lungun ya yi kore, kamar miya ta ɗiga a farar riga.

Sarki ya aika a kira Zalɓe. Ya ce, “Wanzami, ruwan nan ya sauya ɗanɗano.”

Zalɓe ya ce, “Ai dole, ranka ya daɗe. Rabin aski ne. Wa ya taɓa tashi daga gaban wanzami da rabin kai? A sauke suma, rana ta haska, duniya ta ga gashin bakin sarki.”

Sarki ya ce, “A tambayi mai goyo.”

Karfasa ta ga um-um bai yi ba. Ta ce bari ta girgiza kai. To kun san kifi ba shi da wuya. Ta girgiza kai, jiki ya bi, wutsiya ta bi.

Sarki ya ce, “Me ta ce?”

Zalɓe ya ce, “Wannan ai ba ya bukatar tafinta. Rawa take yi don murna. A kawo kalangu.”

Fada ta ce, “Madalla da mai goyo.”

Masunci ya koma. Ya yanke ganyen bado, ya sa ƙafa ya tumɓuke saiwarsa daga laka. Ƙafar nan kuwa ta sha cizon matsattsaku, ga tabo nan... can, a ƙafarsa. Na gani ne wata rana yana alwala.

Rana ta fito, ba mai tare ta. Ta sauka har ƙasan farantin nan. Ruwa ya yi ɗumi kamar na wankan jego.

Gansakuka ta yi miƙa. Ta ce, “An ɗage mini rufi.” Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kafin la'asar ta daina ƙirga kanta.

Ni Gansakuka, 'yar kore shar,
Na sami taki, na sami rana,
In kwana ɗaya, in tashi dubu.

Yara: In tashi dubu.

Ku ɗaga murya, ai ta ƙoshi yanzu.

Yara: In tashi dubu!

Yauwa. Rabin tafki ya yi kore. Abu ɗaya ya rage yana riƙe da ita: gemu. Gemu yana cinye rabin takin, yana danne laka, ƙwarin nan kuma suna fitowa daga cikinsa suna yi mata ɓarna.

A bakin Karfasa kuwa yara sun ƙyanƙyashe, sun yi wayo, suna ta mutsu-mutsu. Suna cewa, “Inna, yaushe za mu fita? Inna, wane ya taka ni. Inna, zafi.” Ta yi niyya gobe da safe ta kai su cikin gemu ta sake su. Gobe kawai.

Sai ga Zalɓe a fada tun ba a kira shi ba. Sarki ya ce, “Wanzami, yanzu ko wazirina ba na gani sosai.”

Zalɓe ya ce, “Aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, ranka ya daɗe. A daure. Gemun nan ne ke zubar da kore. Ka taɓa ganin gemun da ba ya riƙe miya? A share shi a huta.”

Sarki ya shafa gashin bakinsa. Ya ce, “A tambayi mai goyo.”

Karfasa ta zo. Um-um bai yi ba. Girgiza kai bai yi ba. In ta buɗe baki ta yi magana, yara ɗari uku da ɗaya za su watse a gaban askar Zalɓe. In ta yi shiru, za a share ɗakin da za ta kai su. Sai ta tsaya tana kuka. To wa ke ganin hawayen kifi a cikin ruwa?

Sarki ya ce, “Me ta ce?”

Zalɓe ya ce, “Ba ta ce komai ba, ranka ya daɗe. Da tana da ja, da ta faɗa.”

Fada ta ce, “Madalla da mai goyo.”

Masunci ya ɗaure ƙaya a igiya, ya riƙa jan ta a ƙasan ruwa, gaba da baya, gaba da baya. Abin da ƙaya ta bari, lauje ya ɗauke. Gemu ya tafi. Ƙwarin nan suka fito fili ba wurin ɓuya, ƙananan kifaye suka lashe su kafin azahar. Iska ta taso. Na ce muku faranti ne. Iska ta sa hannu ta dama shi har ƙasa, laka ta tashi, takin shekara da shekaru da ke kwance cikinta ya tashi tare da ita.

Kwana biyu an yi shagali, ba zan ɓoye muku ba. Kifi ba wurin ɓuya. Zalɓe ya ci har ya kasa tashi sama, da ƙafa ya koma gida. Masunci ya ja taru ba ciyawa ko ɗaya, kwale-kwale ya cika har yana shan ruwa. Ya riƙa yawo a gari yana cewa shi ya ƙirƙiro dabarar. Wasu mutane akwai cika baki.

Rana ta uku gari ya waye. Ba tafki. Miyar kuka ce, tukunya guda, daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kauri kirtif. Ka tsoma sanda ta tsaya. Ga wari, shanu suka zo suka sansana suka juya. Kuma ko'ina murya ɗaya ke tashi, kamar kasuwa ta ci.

Ni Gansakuka, 'yar kore shar,
Ba saje, ba suma, ba gemu,
Na kwana ɗaya, na tashi dubu.

Yara: Na tashi dubu!

Zalɓe ya shigo ruwa da sassarfa, ya duba ƙasa. Bai ga kifi ba. Bai ga laka ba. Ko gwiwarsa bai gani ba.

Ya ce, “Ke, wa ya gayyace ki?”

Gansakuka ta ce, “Kai mana. Ka buɗe mini ƙofa, ka ɗage mini rufi, ka kori masu gadi. Ko tukwici kake jira?”

“Matsa in ga abincina.”

“Ai kai wanzami ne. Yi mini aski.”

Ya kai sara. Ta buɗe, ta rufe. Ya kai sara. Ta buɗe, ta rufe. Ta ce, “Ba a yi wa miya aski, Malam.” Sai ya ji wani abu ya motsa a ƙasa. Ya ce yauwa, ga kifi. Ya tattara ƙarfinsa duka ya kai sara na uku. Ashe ɗan yatsan ƙafarsa ne. Ya ɗaga ƙafar ya maƙale ta a ciki yana salati. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Amma ba nan masifar take ba. Ita Gansakuka, da rana takan ɗan ba ruwa iska. In rana ta faɗi sai ta karɓe abinta, ta haɗa da na maƙwabta. Waɗanda suka mutu a cikinta kuma suna ruɓewa suna shanye sauran. Kafin asuba ruwa ba numfashi. Kifaye suka taso sama gaba ɗaya, baki buɗe, hap, hap, hap. Har Sarki, gashin bakinsa ya yi kore kamar an tsoma a miya. Wasu suka juya ciki sama, ba su ƙara motsi ba.

Karfasa ta taso ita ma. Kowa baki buɗe, ita baki rufe. Idonta ya firfito. Yara a ciki suna cewa, “Inna, iska. Inna, iska.”

Ga Zalɓe tsaye kanta da ƙafa ɗaya. Ƙasan ruwa ba ya gani, amma bakin da ya leƙo sama yana gani sarai. Ya yi murya mai laushi ya ce, “Buɗe baki, 'yar'uwa, ki sha iska. Ni zan riƙe miki yaran.”

Ta ce, “Um-um.”

Ya ce, “Kin yarda, kin ƙara yarda. To buɗe.”

Ta fara juyawa gefe. Bakinta ya fara rawa. Zalɓe ya ja wuya baya, ya saita aska.

Sai ga ni.

Ina dawowa daga rijiya, tulu a ka, ƙorya a hannu, don ruwan tafki ya daina shayuwa.

Tasalla: Kawu, kai ne kake ɗaukar tulu a ka?

Taimako ne, Tasalla. Namijin kirki yana taimako. Na dire tulu, na tattare zanina... wandona, na tattare wandona har gwiwa, na faɗa ruwa. Na cire ludayi daga ƙorya na wurga wa Zalɓe, ya same shi a ƙeya, ƙwas. Ya tashi yana ɗingishi a sama. Na tsiyaya ruwan rijiya a ƙorya, na kai ta bakin Karfasa. Na ce, “Buɗe, baiwar Allah, nan ba aska.”

Ta buɗe. Suka zubo, firr, kamar an watsa gero. Na ƙirga, ɗari uku da ɗaya, ba wanda ya rage. Na ɗauke ta ita ma na saka a ciki. Ta ja numfashi, ta ja, ta ja. Kwana ashirin ba ta yi magana ba. Kun san abin da ta fara faɗa? Ta leƙo ta bakin ƙorya ta dubi Sarki ta ce, “Um-um na ce. Um-um. Tun ranar farko um-um na ce.”

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya ce, “To yanzu mene ne magani?”

Ta ce, “Sai yau za a tambaye ni ba tafinta? A mayar wa tafki gashinsa.”

Na aza ƙorya a ka, na kama hanya sai Tafkin Kurmi, tafiyar rabin wuni. Can ba a yi aski ba. Na sake su cikin gemunsa, suka shige ko sallama ba su yi mini ba. Na haƙo saiwar bado, na yanko karan burgu, na ɗebo gemu da lakarsa, na yi gammo na ɗauko.

Na dasa a tsakiyar tafki. Gansakuka ta rufe su, ba su ga rana ba, suka mutu. Na koma na ƙaro. Na dasa a gefe, inda ruwa bai wuce idon sawu ba, inda rana ke kaiwa ƙasa. Suka tsiro, shanu suka zo suka cinye. Na koma na ƙaro. Na dasa, na kewaye da ƙaya, na roƙi makiyaya su mai da mashaya can gefe guda. Suka kama. Damina ta farko saje ya fito. Damina ta biyu gemu ya fara rarrafe daga gefe zuwa tsakiya, ƙwarin nan suka dawo da yunwarsu. Damina ta uku bado ya buɗe fari tas, ruwa ya cika ya haɗe da Tafkin Kurmi, sai ga 'ya'yan Karfasa sun dawo, kowace da nata goyon a baki.

Tasalla: Kawu, ka ce wuni ɗaya.

Wunin da dogo ne.

Gansakuka ta rame, ta koma lungunta. Tana nan har yau, ba ta mutu ba. In kun kasa kunne za ku ji tana waƙarta ƙasa-ƙasa, tana jiran wani wanzamin.

Shi ya sa har gobe za ku ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya yana harar ruwa: yatsan bai warke ba. Shi ya sa tarwaɗa kan taso sama ta haɗiyi iska ta koma: tun daga asubar nan ba ta ƙara amincewa da ruwa ba. Ruwa ba ya tsami banza, yara. In kun ga tafki ya zama miya, ku nemi wanda ya taɓa masa gashi. Kuma in mai goyo ta ce um-um, kada ku nemi tafinta. Ƙurun...

Tasalla: Kawu, tsaya. Masuncin nan, yatsa nawa Zalɓe ya ce gare shi?

Na ce wani abu a kan yatsa?

Tasalla: Shida ka ce. Ɗaga hannunka mu gani. A'a, wancan, wanda ka tura ƙarƙashin taru.

Yara: Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida.

To sai me? Ni kaɗai ne Cindo a duniya? Wani Cindon ne. Ya yi ƙaura. Ya tafi gabas, can gabas, bayan gabas ma. Kai, wa ke tsaye a bayana yana tare mini iska? A'a, Hansai, har kin gama bandar? Ai da kin zauna kin huta, hayaƙin nan...

Hansai: Hayaƙi ido yake shiga, Malam, ba ya shiga kunne. Yara, kun ga laujen nan? Shekara goma sha tara yana ƙarƙashin rumbuna, ni na ɓoye shi, don kada a sake yi wa wani tafkin aski. Ku dubi ƙotarsa, gurbin yatsa nawa ya ci? Zalɓen da ake ɗora wa laifi kuwa, bawan Allah bai taɓa ce wa kawunku uffan ba. Tarunsa ne ke sarƙewa, ni na ce masa um-um, ya ce mace ba ta san ruwa ba.

Ai tare muka yi dashen, Hansai. Faɗi gaskiya, ban riƙe miki komai ba?

Hansai: Ka riƙe. Rake ka riƙe, a inuwar nan, damina uku. Wannan kam ba ka yi ƙarya ba. Tulun nawa ne, ƙoryar tawa ce, ludayin nawa ne, har yau ban same shi ba. Zanin ma da ka tattare, ga shi a jikina, sai dai in kana so in ara maka.

Tasalla: Kaka ta faɗa, Kawu. Ba a tatsuniya da rana.

Hansai: Ga shi kuwa ya ɓata a cikinta, ya shiga da wando ya fito da zani. Tashi ka kawo mini itace, wuta na mutuwa. Ku rufe masa, yara, tunda ya kasa.

Yara: Ƙurunƙus kan mai yatsa shida.